Yadda Dabarar Firam Ta Yi Tashe a Yanar Gizo Kuma Ta Shuɗe

Duk shafin da ake buɗewa a yanar gizo an gina shi ne da harshen HTML, wato tsarin alamomin da ake sakawa cikin rubutu domin su shaida wa burauza, manhajar da ke nuna shafuka, cewa nan ne kanun magana, nan ne sakin layi, nan kuma hoto zai zauna. Sa'ad da Tim Berners-Lee ya samar da wannan harshe a cibiyar bincike ta CERN a farkon shekarun 1990, ya ɗora shi kan ƙa'ida guda mai sauƙi, cewa kowane shafi yana da adireshinsa, ta yadda duk wanda aka ba adireshin zai ga abin da mai bayarwar ya gani. Dabarar firam, wato raba tagar burauza gida-gida, ta saɓa wa wannan ƙa'ida, kuma saɓawar ce ta zama ajalinta.

Kamfanin Netscape na ƙasar Amurka ne ya shigo da dabarar cikin burauzarsa Navigator 2.0 a 1996, a zamanin da yawancin masu shiga intanet ke amfani da layin tarho mai tafiyar hawainiya. Masu gina shafuka suna fama da wahala biyu a lokacin, domin jerin mahaɗai da tambarin da ke kan kowane shafi sai an sake sauko da su duk sa'ad da mai karatu ya matsa gaba, sannan idan aka so sauya mahaɗi guda, sai an bi shafuka ɗaya bayan ɗaya ana gyarawa.

Maganin da firam ya kawo shi ne a yanka tagar burauza gida-gida, kowane gida ya ɗauki shafinsa mai zaman kansa. Maginin zai rubuta wani ƙaramin shafi wanda ba ya ɗauke da abin karantawa, a cikinsa ya sa alamar frameset a gurbin alamar body da aka saba, sannan ya faɗi yadda za a yi rabon. Idan ya rubuta cols="200,*", burauza za ta ware ɗigon allo 200 daga hagu domin gida na farko, ta bar wa na biyu duk abin da ya saura, wanda shi ne ma'anar tauraron; idan kuwa rows ya rubuta, rabon zai zama sama da ƙasa. Daga nan sai ya sa alamar frame ga kowane gida, ya nuna shafin da zai zauna ciki da src, ya raɗa masa suna da name, domin mahaɗin da ke gefen hagu ya ambaci sunan ta hanyar target, ya buɗe sabon shafi a dama ba tare da jerin ya motsa ba. A da, masu rubuta manhaja da harshen Java sun daɗe suna aiki da irin wannan tsari a kundin bayanan harshen, inda taga ke da gida uku: biyu a hagu masu ɗauke da jerin sunaye, babba a dama mai ɗauke da bayani. A irin wannan aiki na lalube, gaskiya firam ya biya buƙata.

Sai dai tun a Disambar 1996 masanin sauƙin amfani da shafuka, Jakob Nielsen, ya soki dabarar, kuma lokaci ya gaskata shi. Adireshin da ke saman burauza na frameset ne kaɗai, ba ya sauyawa ko da mai karatu ya ratsa shafuka ashirin a ciki, saboda haka idan ya adana adireshin ko ya aika wa abokinsa, abin da zai buɗe shi ne shafin farko, kamar wasiƙar da aka rubuta wa lambar gidan haya ba tare da sunan mai ɗakin ba. Injunan bincike kuwa sukan kai mutum kai tsaye cikin shafin dama shi kaɗai, babu jeri, babu tambari, ya rasa ta inda zai koma. Bugawa a takarda ta zama caca, makafi masu amfani da manhajar karanta allo suka sha wuya, kuma alamar noframes, wadda aka tanada domin burauzar da ba ta san firam ba, yawanci gargaɗi kawai ake rubutawa a cikinta maimakon ainihin bayanin.

Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta karɓi firam cikin HTML 4.0 a Disambar 1997, amma ta keɓe masa nau'in shafi na daban. A hankali harshen CSS, mai kula da fasali da zubin shafi, ya ba da damar kafe jeri a wuri guda cikin shafi ɗaya mai adireshi ɗaya, kwamfutocin da ke ajiye shafuka kuma suka iya liƙa jeri guda a dukkan shafuka kafin su aiko da su. Zuwan wayar hannu mai ƙaramin allo ya ƙarasa aikin, har HTML5 ya ayyana frameset da frame da noframes a matsayin tsofaffin yayi a 2014.

Wanda ya tsira shi ne iframe, wanda Microsoft ya kawo, domin aikinsa dasa ƙaramar taga ne a tsakiyar shafin da ke riƙe da adireshinsa, kuma da shi ake saka bidiyon YouTube ko taswirar Google cikin labarin jarida. Shi ma yana da haɗarinsa, domin 'yan damfara sukan ɓoye shafin gaske a firam marar ganuwa su sa mutum ya latsa abin da bai yi niyya ba, abin da ya sa aka samar da umarnin X-Frame-Options a 2009 domin shafi ya iya ƙin yarda a dasa shi cikin wani. Burauzoji suna buɗe tsofaffin shafukan frameset har yau, amma ɗalibin da ya tarar da darasinsa a tsohon littafi ya karanta shi a matsayin tarihi, ya zuba ƙoƙarinsa a kan CSS.