Alƙalin da Ke Ƙirga Saukar Ƙafa: Yadda Ake Hukunci da Shirya Gasar Babur ta Tirayal

A watan Mayun 1961, wani ɗan Ingila mai suna Gordon Jackson ya kwana shida yana hawa da gangara a duwatsun Sikotilan bisa babur ƙirar AJS, cikin rafuka da laka da tsakuwa. A duk tsawon makon, sau ɗaya tak ƙafarsa ta taɓa ƙasa a wuraren da ake hukunci. A wani hawa da ake kira Grey Mare's Ridge abin ya faru. Makin laifi guda ke nan aka rubuta masa, kuma da shi ya lashe gasar. Har gobe masoya wannan wasa ba su daina ba da labarin ba.

Wanda ba a cika ambata ba shi ne mutumin da ya tsaya a gefen hawan riƙe da takarda da fensir, ya ga ƙafar ta sauka, ya rubuta. Da hankalinsa ya ɗauku zuwa wani wuri a wannan ƙiftawar ido, da wani tarihi daban aka kafa. Wasan tirayal kacokan a wuyan irin wannan mutumin, wanda ake kira mai sa ido, yake rataye, kuma galibi ko sisi ba a biyansa.

Tirayal ba tsere ba ne, domin ba wanda ya riga isa ake nema ba. Ana zaɓar gajerun wurare masu wuyar bi, kowanne ana kiransa sashe: ƙoramar da ke cike da duwatsu masu santsi, ko tudu mai saiwoyin itatuwa, ko dutsen da ya fi mutum tsawo. Mahaya suna shiga ɗaya bayan ɗaya, kowa na ƙoƙarin fita ta ɗaya ƙarshen ba tare da ya sauke ƙafa ba. Duk wanda ya taɓa tuƙa babur a hanyar burji da damina ya san yadda ƙafa ke sauka da kanta idan tayar baya ta zame. To wannan saukar ce ake hukuntawa. Babur ɗin ma an ƙera shi ne don wannan aikin kaɗai. Nauyinsa bai wuce kilo 70 da 'yan kai ba, tankinsa ba ya cin mai fiye da lita uku, ba shi da wurin zama tunda a tsaye ake tuƙa shi, sannan ana rage wa tayoyinsa iska sosai don su lanƙwashe su kama dutse. Yawancin masu ƙera shi a Turai suke, irin su Montesa da TRRS a Sifaniya, da Beta a Italiya.

Lissafin maki kuwa a juye yake: mai mafi ƙaranci shi ne zakara. Wanda ya ratsa sashe ƙafarsa ba ta sauka ba, sifiri ne, wato ya fita tsaf. Saukar ƙafa ɗaya maki 1, biyu maki 2, uku ko fiye maki 3. Daga nan sai a tsallaka zuwa 5, makin faɗuwa, wanda ake bai wa wanda ya kife, ko babur ya ja da baya da shi, ko ya tsinka igiyar ledar da ta shata iyaka, ko ya kauce wa tutocin da ya kamata ya bi tsakaninsu, ko wani ya taimaka masa. Hukunci na farawa ne da zarar tsakiyar tayar gaba ta wuce allon shiga, ya ƙare idan ta wuce allon fita. Saboda haka idan mahayi ya faɗi bayan tayar gaba ta ƙetare allon, ko da ta baya na cikin sashen, ya tsira.

Wannan tazara tsakanin 3 da 5 ta haifar da wata dabara da gogaggu suka sani. Idan mahayi ya ga dutse zai ƙi shi, gara ya sa ƙafa da gangan ya karɓi maki ɗaya, ko ma ya yi ta tura babur da ƙafafu ya fita da uku, da ya yi taurin kai ya kwashi biyar. Yaro mai zafin jini yakan ga hakan abin kunya ne, amma a irin wannan lissafin ake cin gasa.

A takarda dokokin ba su da wuya. A bakin rafi, cikin ruwan sama, al'amarin daban ne.

Abu na farko da mai sa ido ke warwarewa shi ne inda zai tsaya. Dole ya hango allon shiga da na fita da kuma ɓangarorin babur biyu, alhali sashen yakan lanƙwasa ya zagaya bayan dutse ko bishiya. Mahayin da ya san inda alƙali yake tsaye yana iya satar sauke ƙafa ta ɓangaren da ba a gani, shi ya sa a dogon sashe ake sa mutum biyu ko uku, na sama ya ɗaga yatsu, na ƙasa ya rubuta. Sai kuma tambayoyin da ke zuwa cikin daƙiƙa guda. Kafaɗar mahayi ta jingina da bishiya: gogar wucewa ce, ko kuwa ya sami tallafi ne, wanda shi ma maki ne? Ƙafa ta sauka ta ja a ƙasa: sau ɗaya za a ƙirga ko fiye? Tuta ta faɗi: taya ce ta buge ta ko dutse ne ya gangaro? Ba na'urar da ke auna ko ɗaya cikin waɗannan. A gasar ƙaramin kulob babu bidiyon da za a sake kallo, abin da idon mai sa ido ya gani shi ne abin da ya faru.

Inda gardama ta fi zafi shi ne batun tsayawa. A tsohuwar al'adar Birtaniya, babur ya daina tafiya gaba ko na ɗan lokaci, biyar ce. Daga baya, da babura suka yi sauƙi kuma mahayan Sifaniya da Faransa da Italiya suka kawo sabon salo, sai aka yarda mutum ya tsaya cak bisa matakan ƙafa, ya riƙe birki da kuloci, ya yi ta ɗaga tayoyi yana gyara tsayuwa kafin ya tunkari dutse. A 2013 hukumar wasannin babura ta duniya, FIM, ta dawo da dokar hana tsayawa a gasar duniya ta fili, da nufin a sassauta sassa, talakan mahayi ya samu shiga. Sai nauyin ya faɗo kan masu sa ido. Yaushe ne tafiyar hawainiya ta zama tsayawa? Wani alƙalin ya busa usur nan take, wani ya ɗan yi haƙuri, mahaya kuma suka yi ta ƙorafin cewa hukuncin sashe na uku ya saɓa da na sashe na tara. Masu goyon bayan dokar suna da hujja, masu adawa ma haka, amma abin da tsofaffin hannu ke koya wa sabon mai sa ido ya fi kowace doka amfani: ma'aunin da ka yi wa mahayin farko da safe, shi za ka yi wa na ƙarshe da yamma, ko zakaran duniya ne ko ɗan maƙwabcinka.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wasan da kowa ya san kowa. Mai sa ido yakan zama uban wani mahayi ne, ko matar wani, ko tsohon mahayin da gwiwa ta hana shi hawa. Zai tsaya awa biyar ko shida a wuri ɗaya cikin sanyi, ladansa bai wuce kofin shayi da burodi ba, sannan a ce ya dubi matashin da ya sani tun yana goye ya huda masa biyar a kati. A dokokin Birtaniya ana ɗaukar abin da ya gani a matsayin tabbas, mai ƙorafi sai dai ya kai wa shugabannin gasa, ba ya tsaya yana ja-in-ja a bakin sashe ba. Kulob masu hankali suna tsananta wannan, don sun san duk ɗan sa-kan da aka ci wa mutunci sau ɗaya da wuya ya dawo.

Kafin mai sa ido ya iso, an yi makonni ana aiki. Farkon abin nema fili ne, kuma mafi yawan filayen na manoma ne ko masu gandun daji. Sai an je an zauna da mai wuri, an amince kan inda za a bi da inda ba za a taka ba, da lokacin da tumaki ke haihuwa, da ƙyauren da dole a rufe. Sannan a nemi izini da inshora daga hukumar ƙasa; a Ingila ita ce ACU, wadda aka kafa a 1903. Sakataren gasa ya karɓi sunaye da kuɗin shiga, a tanadi masu agajin gaggawa, a duba babura da hulunan kwano, da igiyar da ake ɗaurawa a wuyan hannu wadda ke kashe inji idan mahayi ya faɗi.

Zuciyar shirin kuwa tana hannun shugaban fage, mai shata sassa. Shi ne ke yawo da tarin tutoci kwana ɗaya ko biyu kafin gasa. A Birtaniya ja na dama, shuɗi na hagu, wasu launukan kuma suna nuna hanyoyi masu sauƙi a cikin sashe guda, ta yadda ƙwararre da sabon shiga da dattijo mai tsohon babur duk za su bi ta gaban alƙali ɗaya. Gwanintarsa ita ce bambance wuya da haɗari. Sashen da kowa ke fita tsaf bai rarrabe kowa ba, wanda kowa ke kwasar biyar ma haka, ƙari da karya zuciya da karya babur. Sashe mai kyau shi ne wanda in aka duba takardar sakamako za a ga sifiri da ɗaya da biyu da uku da biyar duk sun bayyana. Dole kuma ya hango yadda wurin zai sauya: dutsen da ke da gansakuka da safe zai goge ya yi kamu bayan babura hamsin, tudun ƙasa kuma zai zama rami. An yarda mahaya su zagaya sashe da ƙafa su nazarce shi, amma ba a yarda su gusar da ko dutse ɗaya ba, kuma tsare wannan ma aikin mai sa ido ne.

Gasar kwana shida ta Sikotilan, wadda ta samo asali a 1909, ita ce ke nuna girman wannan ɗawainiya. Ƙungiyar Edinburgh and District Motor Club ce ke shirya ta, a garin Fort William take da mazauni, a farkon watan Mayu. Mahaya kusan 280 ne ke shiga, masu nema kuma sun fi gurbi yawa har sai an yi ƙuri'a. Kowace rana sashe 30 ne, a warwatse kan hanyar da wani lokaci takan kai kilomita 160 ta tsaunuka da dausayi. Wasu sassan mota ba ta zuwa, sai masu sa ido su taka da ƙafa tun da sassafe. Ana kafa wuraren shan mai a daji saboda ƙanƙantar tanki, da dare a kulle babura a fili ɗaya don kada a yi musu gyaran ɓoye, kullum kuma a juya jerin tashi, don kada mutum ɗaya ya riƙa cin santsin safiya har mako ya ƙare. A nan ne Sammy Miller ya ci nasara a 1965 bisa ƙaramin Bultaco na Sifaniya, abin da ya kawo ƙarshen zamanin manyan baburan Birtaniya. Dougie Lampkin ya lashe ta fiye da sau 10. Cutar dabbobi ta baki da kofato ta hana a yi ta a 2001, abin da ke nuna yadda wasan ke ɗaure da rayuwar manoman da ke ba da filin.

Gasar Scott ta yankin Yorkshire kuma wani salo ne. Alfred Scott, mai kamfanin babura, shi ya fara ta a 1914 don ma'aikatansa. A yau kulob ɗin Richmond ke shirya ta a watan Oktoba: yini ɗaya, sashe fiye da 70, tafiyar da ta haura kilomita 120, kuma ban da saukar ƙafa ana ƙirga lokaci. Wanda ya fi sauri shi ke kafa ma'auni, sauran su riƙa kwasar maki gwargwadon jinkirinsu. Saboda haka mahaya ba sa ɓata lokaci wajen nazarin sashe, sukan afko a jere, lambobinsu shafe da laka, mai sa ido na ƙoƙarin gane waye waye. Kuɗin da aka tara ana raba wa ƙungiyoyin agaji na yankin, wanda ya taimaka wajen sa mazauna wurin su ci gaba da buɗe ƙofofin gonakinsu.

A matakin duniya an fi samun tsari. Gasar ta fara a 1975, Martin Lampkin, mahaifin Dougie, shi ne zakaran farko. Toni Bou ɗan Kataloniya ya lashe kofin fili da na cikin ɗaki kowace shekara daga 2007 zuwa 2024 bisa Montesa, Laia Sanz da Emma Bristow kuma sun mamaye ɓangaren mata. A can akwai agogon da ke iyakance lokacin sashe, akwai mataimakin da ke tsayawa kan dutse don cafke babur, ana tura maki ta na'ura. Duk da haka makin na fitowa ne daga mutumin da ke tsaye da usur a baki, wanda sau da yawa ɗan kulob ɗin garin ne.

Matsalar da ƙananan kulob ke kuka da ita yanzu ita ce rashin hannu. Idan an shata sashe goma aka sami masu sa ido shida, sai dai a soke wasu, ko a sa mahaya su tafi rukuni-rukuni suna yi wa juna maki, tsarin da ke aiki muddin akwai amana. Wasu kulob suna rage kuɗin shiga ga wanda ya zo da ɗan sa-kai. Ƙananan baburan lantarki, irin na kamfanin Oset, sun jawo yara da yawa, tare da su kuma iyayen da ake koya wa riƙe katin maki.

Bayan mahayi na ƙarshe ya wuce, sakatare na tattara katuna. Idan mutum biyu sun yi kunnen doki, wanda ya fi yawan sifiri shi ke gaba, in nan ma sun yi daidai a duba yawan ɗaya, sannan biyu. Sauran 'yan kulob kuma suna komawa daji su tuge tutoci, su naɗe igiyoyi, su cike ramukan da tayoyi suka haƙa, su gyara katangar dutse in an rusa, su rufe ƙyaure, sannan wani ya je gidan mai gona ya yi godiya ya nemi alfarmar baɗi.