Yaro Mai Shan Mama da Jikinsa Ya Ƙi Madarar Shanu: Abubuwan da Ya Kamata Ku Sani

A ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, da wuya yaro ya cika shekara bai ɗanɗani nonon shanu ba. Ko a dama masa fura, ko a lasa masa kindirmo, ko a zuba man shanu a tuwon da ake gutsura masa. Mafi yawan yara suna sha lafiya lau, har su yi ɓulɓul. Amma akwai 'yan kaɗan da garkuwar jikinsu ke ɗaukar furotin ɗin madara a matsayin cuta, ta tashi yaƙi da shi. Wannan ne likitoci ke kira alajin madara. Idan ya sami yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyu da bai bar mama ba, uwa takan ruɗe, tana neman wani farin abin sha da zai tsaya a madadin nono. A wannan neman ne ake tafka kurakuran da ke kai yaro ga tamowa.

Yadda abin yake bayyana

Iri biyu ne. Na farko mai gaggawa ne: daga 'yan mintoci zuwa awa biyu bayan sha, sai borin jini ya feso, leɓe ko fatar ido su kumbura, yaro ya yi amai. Idan numfashi ya fara sarƙewa, ko murya ta dishe, ko jiki ya saki, babu sauran jira, kuma babu maganin ƙaiƙayin da zai wadatar. A garzaya asibiti, domin allurar adirenalin ce ke ceton rai a wannan hali.

Na biyu yana zuwa a hankali, bayan awanni ko kwana biyu zuwa uku: gudawa mai tafiya tana dawowa, majina ko ɗigon jini a kashi, fata ta bushe tana ƙaiƙayi, yaro ba ya ƙara nauyi. Wannan ya fi wuyar ganewa, don a wurarenmu atini da tsutsar ciki da gurɓataccen ruwa sun fi alaji yawan kawo waɗannan alamu nesa ba kusa ba. Saboda haka kada a yanke hukunci a tsakar gida. Hanyar da likita ke bi ita ce a cire duk wani abu mai madara na mako biyu zuwa huɗu, a ga ko yaron ya samu sauƙi, sannan a sake gwada masa bisa umarninsa. Ana iya farawa daga Babban Asibitin Talata Mafara, idan abin ya fi ƙarfi a tura Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Ya bambanta da kumburin cikin da manya ke yi

Manya da yawa idan suka sha ɗanyar madara cikinsu yana ƙugi, amma kindirmo ba ya damunsu. Wannan matsalar sukarin madara ce, hanji ne ya kasa narkar da shi. Alaji kuwa na furotin ne, kuma furotin yana nan ko an tafasa madarar, ko ta yi tsami, ko ta zama gari. Kindirmo ba mafita ba ne ga wannan yaro, haka ma madarar kanti da aka cire wa sukarinta.

Kada a yaye shi

Wannan ita ce maganar da na fi so ta shiga kunnen kakanni da surukai. Da zarar yaro ya fara gudawa da ƙuraje, akan ce nonon uwarsa ne ya ɓaci, a kai shi gidan kaka a yaye shi dare ɗaya, a ɗora shi kan koko da fura. Ga yaro mai alajin madara, wannan raba shi ne da nonon da ya fi dacewa da shi a duniya, a miƙa shi ga wanda ke cutar da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shayar da yaro har shekara biyu ko fiye, kuma a shekararsa ta biyu nonon uwa na iya ba shi kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da jikinsa ke bukata, ga garkuwa daga cututtuka. Alƙur'ani ma shekara biyu ya ambata ga mai son cika shayarwa. Yaron da ke shan mama sau da yawa a yini, yana kuma cin abinci mai gina jiki, ba dole ba ne ya sha wata madara ko kaɗan. Madarar gwangwani ta musamman da ake yi wa masu alaji, wadda aka farfasa furotin ɗinta, tana da tsada da wuyar samu, kuma jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya da ba su samun nonon uwa ne suka fi bukatarta.

Ita uwar fa, ta daina shan fura da nono? Galibi a'a. Abin da ke ratsawa cikin nononta ɗan mitsitsi ne, yara da yawa ba ya taɓa su. Sai idan an cire wa yaron madara gaba ɗaya amma alamun ba su tafi ba, sannan likita zai ce ita ma ta gwada ƙaurace mata, ya kuma rubuta mata ƙwayar kalsiyum. Mai shayarwa a ƙauye ba ta da abincin da za a rage mata haka kawai.

Akuya, tunkiya da raƙumi

Nonon akuya shi ne shawarar farko da maƙwabta ke bayarwa, kuma kuskure ne. Furotin ɗinsa da na tunkiya sun yi kama da na saniya ƙwarai, har kusan yara tara cikin goma masu alajin madarar shanu ba sa jituwa da su. Na raƙumi ya ɗan bambanta, wasu yaran suna jure shi, amma ba abin gwadawa ba ne a gida, kuma ɗanyensa yana ɗauke da cutar zazzaɓi mai naci da ake ɗauka daga dabbobi.

Waken suya, gyaɗa, aya da shinkafa

A cikin abin sha na tsirrai da muke da su, madarar waken suya ce kaɗai furotin ɗinta ya kusa kamo na shanu, kuma waken yana nan a kasuwanninmu. A jiƙa shi, a cire ɓawo, a markaɗa, a tace, a tafasa sosai, don ɗanyensa yana hana narkewar abinci. Awara ma abinci ce mai kyau ga yaro. Sai dai a fara da kaɗan a lura, domin wasu daga cikin masu alajin madara waken suya ma yana tayar musu. Sannan madarar waken da aka yi a gida kalsiyum ɗinta kaɗan ne, ba kamar ta kanti da aka ƙara wa sinadarin ba.

Kunun gyaɗa yana da mai da furotin, muddin yaron ba shi da alajin gyaɗa, kuma an tsince ruɓaɓɓun ƙwayoyi masu fumfuna. Kunun aya daɗi ne da zaƙi, furotin ɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ruwan shinkafa ya fi kowanne rauni. A yankin da ake noman shinkafa da ruwan Bakolori, abu ne mai sauƙi uwa ta ga farin ruwa mai kauri ta ɗauka madara ce, alhali kusan sitaci ne zalla. A Amurka an sami yaran da suka kumbura da tamowa saboda an ɗora su a kansa, a Ingila kuma hukumomin lafiya sun ce kada a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 5 madarar shinkafa a matsayin abin sha, saboda gubar arsenik da shinkafa ke zuƙa daga ƙasa.

Daga ina ƙashi zai sami kalsiyum?

Yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 yana bukatar kimanin miligiram 500 na kalsiyum a rana, bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Kofi ɗaya na madarar shanu yana da kusan 300, nonon uwa kuwa shi kaɗai ba ya cika wannan adadi. Ba ƙaramar magana ba ce. Binciken da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna cewa yaran Najeriya masu lanƙwasar ƙafa da gwame, ƙarancin kalsiyum a abinci ne ya fi jawo musu.

Maganin yana cikin tukunya. Ƙananan busassun kifi, irin waɗanda masunta ke kamawa a tafkin Bakolori, a gasa su sama-sama, a daka har da ƙaya su zama gari lukui, a riƙa barbaɗa cokali ɗaya a kunu ko faten yaro. Ƙayar ce ke ɗauke da kalsiyum. Miyar kuka da ake ganin ta talaka ce tana da shi sosai, haka garin zogale da riɗi. A haɗa da ƙwai, wake, ɗan nama idan ya samu, da cokalin man gyaɗa ko manja a maimakon man shanu. Garin kunun yara na gero da waken suya da gyaɗa yana da kyau, a dai bar madarar garin da ake zuba masa. Idan likita ya ga abincin bai isa ba, zai ƙara da maganin kalsiyum na ruwa.

Inda madara ke ɓuya

Shayin safe, biskit, wani burodin, yogot, alawar madara, cuku, garin shayi mai koko, da abincin jarirai na gwangwani. Madarar gari ta leda da aka sa wa man tsirrai ma furotin ɗinta na saniya ne. A gaya wa yayyen yaro da abokan zama, don su ne ke miƙa masa abin da ke hannunsu.

Akwai wani wuri da ba a cika tunawa ba. Abincin tamowa na leda mai gyaɗa, da madarar da ake ba yaran da aka kwantar a cibiyoyin tamowa, irin wadda ƙungiyar likitoci na gari na kowa ta MSF ta tallafa wa a Talata Mafara, duk da madarar shanu ake yin su. Wannan ba dalilin ƙin kai yaro ba ne, tamowa ta fi saurin kisa. A kai shi, a faɗa wa ma'aikata tun a bakin ƙofa abin da madara ke yi masa.

Yana warkewa?

Yawancin yara suna rabuwa da shi kafin su kai shekara biyar, wasu tun suna shekara biyu ko uku. Likita kan sake gwadawa bayan wata shida zuwa shekara, a fara da abin da aka gasa da madara kamar biskit, a hau a hankali har zuwa kindirmo. Yaron da ya taɓa kumbura ko numfashinsa ya sarƙe, a asibiti kaɗai ake yi masa wannan gwaji.

Maigida, ranar Talata idan ka shiga kasuwar Mafara, ka sa busasshen kifi da waken suya da ƙwai cikin cefane, ka kuma tsaya wa matarka ta ci gaba da shayar da ɗanku har ya cika shekarunsa biyu.