Ƙumbar gulbin Rima: abin da ya kamata ku sani

Duk wanda ya taɓa bin bakin gulbin Rima da rani, daga Goronyo ya gangaro Wurno, ya san ƙumba. Tana nan yashe cikin rairayi inda ruwa ya janye, bayanta baƙi-baƙi, cikinta fari mai sheƙi. Yara su tsinta su yi wasa, iyaye mata su kankare ƙanzon tukunya da ita, shi ya sa wasu ke ce mata makankari. Sai dai da yawa ba su san cewa wannan ɓawo gidan wata halitta ce mai rai ba.

Ɓawo biyu gare ta, haɗe ta baya kamar ƙyauren ƙofa, da tsoka mai ƙarfi da ke ja su rufe ruf in ta ji motsi. Ba ta da kai, ba ta da haƙori. Ƙafa ɗaya ce da ita, kamar harshe, wadda take nutsa jikinta cikin laka da ita. Daga nan sai ta yi ta zuƙar ruwa tana fesarwa dare da rana, tana tace ƙananan halittu da dattin da ido ba ya gani. Abincinta ke nan, kuma ta haka take wanke mana gulbi. Wasu irinta, in tafki ya ƙafe, sukan rufe baki su kwanta cikin laka wata da watanni har damina ta dawo.

Haihuwarta ce abin mamaki. Uwa takan riƙe ƙwai cikin jikinta har su ƙyanƙyashe, sannan ta sako 'ya'yan, ƙanana ƙwarai, cikin ruwa. Ɗan da bai samu kifin da zai maƙale wa ba, mutuwa zai yi. Wanda ya dace kuwa, zai zauna jikin kifin na wasu makonni, kifin ya yi ta yawo da shi, har ya yi ƙwari ya faɗo ƙasa ya kama zaman kansa. Wato in kifi ya ƙare a gulbi, ƙumba ma ta kama hanyar ƙarewa. Mai zuba guba don ya kwashi kifi a yini ɗaya, da mai jan taru mai ƙananan idanu, ba kifi kaɗai suke kashewa ba. Haka ma maganin feshi da ke gangarowa daga gonakin albasa da shinkafa na fadama, a jikinta yake taruwa.

Madatsun ruwa sun sauya mata zama. An kammala ta Goronyo a 1984, ta Bakolori kuwa, wadda ke sama da Rabah a kan gulbin Sakkwato, tun 1978. Sun tare hanyar kifi, sun canja lokacin cikowa da janyewar ruwa. Mutanen Ghana sun ga irin wannan: bayan gina madatsar Akosombo a 1965, sana'ar masu nutso su ɗebo ƙumbar ci a ƙasan kogin Volta ta ja baya sosai.

A kula, ƙumba daban, dodon koɗi daban. Ƙaramin dodon koɗi ne ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya, ba ita ba.

Danginta mafi yawa a teku suke, kuma tekun ya taɓa zuwa har nan. Masana duwatsu sun ƙiyasta cewa shekara miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce, wani reshen teku ya ratso Sahara ya rufe wannan yanki. Shaida tana cikin dutsen farar ƙasa na Kalambaina da ake yin siminti da shi, domin akan sami ɓawon ƙumbar teku a ciki ya zama dutse. Masanan sun raɗa wa wasu shimfiɗun duwatsun sunayen Wurno da Taloka, wata ƙatuwar dabbar teku da aka tono ƙasusuwanta kuma aka kira ta Goronyosaurus a 1972.

Kira gare ku sarakunan ruwa da masunta: ku hana zuba guba, ku sa ido kan taru. In kuma kuka ga ƙumba mai rai ta maƙale a tudu bayan ruwa ya janye, ku mayar da ita gulbi.