Centralia: Garin Da Wuta Ke Ci A Ƙarƙashinsa Tun 1962

Ka taɓa rufe garwashi da toka da daddare, da safe ka tona ka tarar da shi jajir? To riƙe wannan a ranka, domin shi ne mabuɗin labarin Centralia, wani ɗan gari a jihar Pennsylvania ta Amurka.

Kwal ne ya haifi garin. A ƙarƙashinsa akwai kwal mai tauri, kuma haƙarsa ce ta tara jama'a, har a 1890 mazaunansa suka haura 2,700. Da kasuwar kwal ta faɗi, kamfanoni suka tattara nasu ya nasu, suka bar ramuka da hanyoyi birjik a ƙarƙashin gidajen mutane.

Yadda wutar ta tashi

Bayanin da aka fi yarda da shi shi ne, a watan Mayun 1962 an cinna wa bolar garin wuta don a tsabtace wurin. Matsalar ita ce, bolar tana cikin wani tsohon ramin haƙar kwal. Wutar ta bi ta wata kafa ta shiga ƙasa, ta kama kwal.

Za ka ce, to ai sai a kashe ta mana! An gwada: an zuba ruwa, an tono, an ɗura taɓo da tsakuwa cikin ramukan. Duk a banza.

Me ya sa ta ƙi mutuwa?

Wuta tana buƙatar abu uku: makamashi, iskar oksijin da zafi. Kwal ne makamashin, ga shi nan jibge. Tsofaffin ramukan su ke shigo da iska, kamar zugazugin maƙeri. Duwatsun da ke sama kuwa suna yin aikin tokar nan taka, ba sa barin zafi ya fita. Kuma duk inda kwal ya cinye, sai ƙasa ta zama holoƙo, ta tsage ko ta rufta, sabuwar iska ta samu hanya. Ka ga wutar da kanta take buɗe wa kanta ƙofa.

Akwai wani haɗarin. Idan wuta na ci ba isasshiyar iska, tana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari. Ita ce dai ke kashe mutane idan suka kwana da gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. A Centralia, ta ƙarƙashin gidaje take shigowa.

Watsewar gari

A 1979 mai wani gidan mai ya auna fetur ɗin da ke tankinsa na ƙasa, ya tarar zafinsa ya kusa digiri 78 a ma'aunin Selsiyos. A 1981 ƙasa ta rufta da wani yaro ɗan shekara 12 a bayan gida. Ya riƙe saiwar bishiya har ɗan'uwansa ya jawo shi. Ramin ya kai zurfin kusan mita 45.

Daga nan majalisar dokokin Amurka ta ware sama da dala miliyan 42 don kwashe mutane. Maƙwabta suka rabu gida biyu, masu son tashi da masu cewa ba inda za su. A 1992 gwamnatin jiha ta ƙwace filaye da gidajen garin, a 2002 aka soke lambar gidan wayarsa. Mutane sama da 1,000 ne a 1980; a ƙidayar 2020 saura biyar, waɗanda aka yarje musu su zauna har ƙarshen rayuwarsu.

Yau idan ka je, tituna za ka gani ba gidaje, daji ya cinye filaye, sai maƙabartu da wani coci da ke kan tudu. Masana sun ƙiyasta wutar za ta iya ƙara shekara 250 tana ci. Ramin haƙar ma'adinai da aka bari a buɗe ba ya mutuwa don an daina aiki a cikinsa. Jira yake yi.