Likitan da manoma suka ɗauka aiki

A watan Oktoba na 1929, wani likita ya tara manoma a garin Elk City da ke jihar Oklahoma ta Amurka, ya ce su haɗa kuɗi su gina asibitin kansu. Sunansa Michael Shadid, haifaffen Marjayoun a ƙasar Labanan. Ya sauka Amurka a 1898 yana saurayi, ya yi tallar kayan ado gida-gida har ya tara kuɗin karatun likita.

Ya shafe kusan shekara ashirin yana duba mutanen karkara, abin da ya gani kuma ya tsaya masa a rai. Manomi kan jinginar da gonarsa don biyan kuɗin tiyata, wata sa'a ma tiyatar ba dole ba ce, an yi ta ne kawai saboda samun likita ya rataya a kan yawan waɗanda ya yi wa aiki. Shadid ya ce a sake lale. Kowane gida ya sayi hannun jari na dala 50, ya riƙa biyan ɗan kuɗi kowace shekara, ko an yi ciwo ko ba a yi ba. Likitoci su koma cin albashi, manoma su zaɓi masu tafiyar da asibitin. A ganina nan ne hikimar take: likitan da ke kan albashi ba ya cin ribar rashin lafiyar kowa.

Asibitin ya buɗe a 1931, ana tsakiyar karayar tattalin arziki. Nan fa sauran likitoci suka ga kasuwa za ta kuɓuce musu. Ƙungiyar likitocin gundumar Beckham, inda garin Elk City yake, ta rushe kanta, ta sake kafuwa ba tare da shi ba, aka kuma yi ta neman ƙwace masa lasisi. Ƙungiyar manoman Oklahoma da gwamna William Murray ne suka tsaya masa. An ja daga har 1950, lokacin da asibitin ya maka ƙungiyar likitocin a kotu kan toshe masa hanyar gasa. A 1952 ta sauko, ta karɓi likitocin asibitin cikinta.

Tun kafin nan ma maganar ta yi nisa. A 1945 Shadid ya yi jawabi a birnin Seattle, inda manoma da 'yan ƙwadago suka ɗauki shawararsa suka kafa Group Health Cooperative. Ta fara duba marasa lafiya a 1947, mambobinta kuma suka yi shekara kusan saba'in suna zaɓen shugabanninta da ƙuri'arsu.