Masacusat, Jihar Da Ake Zuwa Kallon Ganye

Kwanan baya wani ɗalibi ya zo makarantarmu ta yaƙi da jahilci da wata kalanda. A jikinta akwai hoton daji, itatuwansa duk sun yi ja da rawaya. Ya ce mini: "Malam, fenti aka shafa musu?" Aka yi dariya. To, ba fenti ba ne, ikon Allah ne. Hoton daga Masacusat yake, wata jiha ta Amurka da ke bakin tekun Atlantika. Babban birninta shi ne Boston. Ga labarinta.

Abin da ke sa ganye ya sake launi

Lokacin da muke yankan hatsi, su ma can kaka ce gare su. Daga ƙarshen Satumba yini yana raguwa, dare yana ƙara tsawo da sanyi. A cikin ganye akwai wani sinadari tsanwa wanda da shi ne itace ke haɗa abincinsa daga hasken rana. In sanyi ya gabato, sai itace ya daina yin sinadarin. Daga nan rawayar da ke ɓoye cikin ganyen ta bayyana. Wasu itatuwa kuma sukarin da ya rage cikin ganyensu ne ke haifar da ja. Wanda ya fi yin ja shi ne wani itace da suke kira mapul. Ruwan jikinsa ma ana tatsa a ƙarshen sanyi, a dafa kamar lita 40 kafin a samu lita 1 ta wani abu mai zaƙi kamar zuma.

Launin yana farawa ne daga tuddan yammacin jihar, wajen dutsen Girelok mai tsawon mita 1,064, sannan ya gangaro bakin teku. Tsakiyar Oktoba ya fi kyau. Kafin Nuwamba ta yi nisa ganye ya zube. Don haka baƙi ke cika motoci da masaukai cikin waɗannan ƴan makwanni, mutanen ƙauyuka kuma su sayar musu da tufa da kabewa a bakin hanya.

Wuraren tarihi

Mai zuwa kallon ganye ba ya komawa sai ya ga wuraren tarihi. Na farko shi ne garin Filimut. Nan ne jirgin ruwan Mayflower ya kawo mutum 102 daga Ingila cikin 1620. Kusan rabinsu sun mutu a sanyin farko. Ƴan asalin ƙasar, wato Wamfanowag, su ne suka koya wa sauran noman masara. Amma alherin bai hana baƙin cinye musu ƙasa ba, har aka yi mummunan yaƙi cikin 1675 da 1676.

A Boston kuwa an shimfiɗa jan layi bisa titi, tsawonsa kilomita 4, ya ratsa wurare 16 na tarihi. Baƙo ba ya bukatar ɗan jagora, layin kawai zai bi da ƙafa. Yana farawa daga wani fili da aka keɓe tun 1634, inda dā mutanen gari ke kiwon shanunsu. A tashar jiragen ruwan birnin ne, ranar 16 ga Disamba 1773, mutane suka zubar da akwati 342 na ganyen shayi cikin teku, don sun ƙi harajin da Ingila ta ɗora musu. Ranar 19 ga Afirilu 1775 aka yi harbin farko na yaƙin neman ƴanci a garuruwan Leksintin da Konkod. Cikin 1776 Amurka ta yi shelar ƴancin kanta.

Akwai kuma abin da ya fi shiga raina. Cikin 1647 hukumar wannan ƙasa ta kafa doka: duk garin da ya kai gida 50, dole ya ɗauki malami ya koya wa yara karatu da rubutu. Ku duba fa, manoma ne kamarmu, amma tun sama da shekara 370 suka gane jahilci ciwo ne.

Dajin da ya tafi ya dawo

Wanda ya ga hoton zai ce dajin nan tun fil azal yake. Ba haka ba ne. Wajen 1850 fiye da rabin jihar an sassabe shi, an yi gonaki da makiyayar tumaki. Daga baya manoma da yawa suka koma aikin masaƙu a birane, wasu suka yi yamma inda ƙasa ta fi albarka. Itatuwa suka sake tsirowa da kansu. Yau kusan kashi 60 cikin 100 na jihar daji ne. Har yanzu mai yawo cikin dajin yana cin karo da katangun duwatsu, iyakokin gonakin dā.

Gaskiya ne ruwansu ya fi namu. A Boston ana samun fiye da milimita 1,000 a shekara, wajen ninki biyu na abin da Maraɗi ke samu. Mu kuma ba za mu bar gonakinmu ba, da su muke ci. Amma mun ga abin da sassaben zamani ya yi a jihohin Maraɗi da Damagaram tun wajen 1984: manomi ya bar tohon kututture, ya rage masa rassa, sai ga gawo da kalgo sun tashi tsakiyar hatsi. Gawo ma ai yana da nasa abin mamaki, shi da ke zubar da ganye da damana ya toho da rani.

Ƴan'uwa manoma, in lokacin sassabe ya zo, a dubi toho kafin a ɗaga gatari. In an buɗe makarantar yaƙi da jahilci bayan kaka kuma, a zo a rubuta suna, maza da mata. Allah ya ba mu damana mai albarka, amin.