Dodon Koɗi da Ciwon Tsargiya a Kwarin Kogin Haɗejiya

Tsargiya tsohon ciwo ne a ƙasar Hausa. Alamarta da kowa ya sani ita ce jinin da ke biyo ƙarshen fitsari, musamman ga yara maza da ke yini cikin ruwa. Saboda yawanta a garuruwan bakin kogi, har wasu suka ɗauka alamar balaga ce, wasu kuwa suka ɗora wa zafin rana laifi. Alhali kuwa wata tsutsa ce ke kawo ta, tsutsar kuma ba ta da hanyar ƙaura daga wannan mutum zuwa wancan sai ta bi ta jikin wani ɗan ƙaramin dodon koɗi da ke zaune cikin ruwa.

Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar a Alƙahira a 1851, don haka Turawa su ke kiran ciwon da sunansa. Amma sai a 1915 Robert Leiper ya tabbatar, a can Masar ɗin, cewa dodon koɗi ne masaukinta. Iri biyu ne suka shafi ƙasarmu. Wanda masana ke kira Bulinus shi ke ɗaukar tsutsar mafitsara, mai sa fitsarin jini. Biomphalaria kuwa, mai faifayin ɓawo, shi ke ɗaukar ta hanji, wadda kan lalata hanta ta kumbura saifa.

Ga yadda abin ya ke. In mai ciwo ya yi bawali ko bayan gida a ruwa, ƙwan tsutsar sai ya fashe, wata 'yar halitta da ido ba ya gani ta fito tana iyo. In ba ta sami dodon koɗin da ya dace da ita cikin 'yan sa'o'i ba, sai ta mutu. In kuwa ta same shi, sai ta shige jikinsa ta yi ta hayayyafa. Bayan mako huɗu zuwa shida, dodon koɗin ya kan soma zubo 'ya'yanta masu jela cikin ruwa, galibi da rana tsaka, watau daidai sa'ad da yara ke wanka, mata na wanki. Waɗannan su ke huda fatar mutum, ko da ba shi da ƙuje ko ƙwarzane, su bi jini su girma, su yi shekaru suna ƙwai. Ƙwan da ya maƙale cikin jiki shi ke yin ɓarna: ya miƙanta mafitsara, ya toshe hanyar fitsari, ya ci jinin yaro, wani lokaci ya kai ga sankarar mafitsara. Ga mata kuma ya kan taɓa mahaifa da al'aura.

To, ƙasar Haɗejiya ƙasar ruwa ce. Kogin Kano da na Calawa su ke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya, wanda in ya wuce garin sai ya rarrabu ya bazu cikin fadamun Kirikasamma da Guri, har ya dangana da Nguru. A da, ruwa kan cika fadama da damina, ya janye da rani. Dodon koɗi da yawa su kan mutu in tabki ya ƙafe, ko da ya ke wasu kan nutse cikin laka su jira ruwan baɗi. Rani dai ya kan rage masa ƙarfi kowace shekara.

Wannan tsari ya sāke bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992. Ambaliyar damina ta ragu, aka riƙa sako ruwa da rani domin noma da sha. Hanyoyin da ke bushewa suka koma riƙe ruwa shekara duka, ciyawar kacalla ta mamaye su ta hana ruwa gudu. Ruwa kwantacce mai ɗumi, cike da ganye, shi ne kuwa abin da dodon koɗi ke so. Haka nan magudanan noman rani, irin na wajen Auyo, in ba a nome ciyawarsu. An ga iyakar abin da irin wannan canji ke iya haifarwa a ƙasar Senegal, inda bayan kammala madatsar Diama a 1986 tsargiyar hanji ta ɓarke a garin Richard-Toll cikin 'yan shekaru.

Akwai magani mai kyau, praziquantel, wanda aka samo a shekarun 1970. A kan raba shi a makarantu, a auna tsawon yaro da sanda domin a san ƙwaya nawa zai sha. Yana kashe tsutsar da ke jiki, amma ba ya hana sabuwa shiga. Yaron da ya sha magani yau, gobe ya koma tabkin jiya, ya koma gidan jiya ke nan. Ba kuma za a ce wa masunci ko mai dashen shinkafa ya bar ruwa ba, don nan abincinsa ya ke.

Saboda haka tilas a haɗa magani da gyaran ruwa. Rijiyar burtsatse kusa da gari tana raba mata da yara da bakin kogi. Masai yana tsare ƙwan tsutsa daga isa ga dodon koɗi. Ruwan wanka in aka ɗebo aka ajiye shi kwana biyu, 'ya'yan tsutsar da ke ciki sun mutu. Sare kacalla da yashe mashigai, inda jama'a ke taruwa, yana rage wa dodon koɗi maɓuya, ya kuma buɗe wa ruwa hanya zuwa gonaki, aikin da manoma da masunta ke bukata ko da babu tsargiya. Wannan aiki ne na gayya, wanda dagatai da malaman makaranta da ma'aikatan lafiya za su iya jagoranta, muddin mutanen gari sun gane cewa jinin da ke fitsarin ɗansu daga mashigin garinsu ya samo asali.